Ta Gas Ce

A unguwar Hindawiyya ta Jidda na sayi bindigar, ina saurayi, na fara aiki ke nan a wani shagon waya. Ta wasa ce, ana ɗura mata gas ta gindi, tana harba 'yan ƙwayoyin roba, amma baƙa ce wuluk, mai nauyi a hannu. Duk wanda ya gan ta sai gabansa ya faɗi. Da la'asar nakan hau saman gidanmu in jera gwangwanaye in yi ta ɓarin su.

A ɗakin saman nan kawuna yake kwana. Aikin Umara ya zo yi daga Kano ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar zama, ko honin mota ya ji sai ya leƙa. Ranar da ya same ni da ita, ya tsaya cak a bakin matakala.

"Ɗan nan, wannan fa?"

Ni haihuwar Jidda ne, Hausata a kunne take, ba ta cika sauka a baki ba. Na ce masa, "Ta gas ce, Kawu."

Shi kuwa "ta gaske ce" ya ji. Bai yi faɗa ba, ya dai ce Allah ya shirya. Washegari ya tattara kayansa ya koma wajen abokansa a unguwar Aziziyya, wai gidan da ke da bindiga 'yan sanda na hanya. A can aka kama shi, aka mayar da shi gida Kano.

Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta gaya mini abin da ya ji. "Ta wasa ce" kawai ya kamata in ce, kuma wallahi na san kalmar.