Layin Ƙarshe a Takardar Kayan Jirgi

Har gobe ban manta da ranar da amsar buƙatar Malam Barau ta iso ofishinmu na unguwar Misfala a Makka ba. Lokacin ina magatakarda a wurin wani muɗawwifi, wato mai kula da masaukin alhazai da takardunsu. Yaƙin Hitila bai fi shekara takwas da ƙarewa ba. Ni kuwa mutum ne mai taurin kai a kan takarda, abin da babu shi a rubuce ba na ba shi kujera.

Malam Barau tsohon soja ne, mai awon kaya a filin jirgin sama na Maiduguri zamanin yaƙi. Ya zo hajji a ƙasa ta Sudan, bai koma ba, ba shi da kowa a Makka. Buƙatarsa ɗaya: takardar shaida cewa amininsa Tanko ya rasu a jirgin da ya faɗi a hanyar Fashir ta ƙasar Sudan, domin uwar Tanko a Katsina ta ƙi yarda a yi masa sadaka, tana jira.

Na rubuta wa masu ajiyar takardun soja ta hannun Jidda. Bayan wata biyar suka amsa: jirgin ya faɗi, Turawa uku ne a ciki, babu na huɗu. Watan da Malam Barau ya faɗa ma bai yi daidai ba. Na ce a raina tsufa ya fara yi masa sata.

Da na karanta masa, bai yi gardama ba. Ya tambaya ko sun haɗo da takardar kaya. Sun haɗo.

"Ɗana, duba layin ƙarshe," in ji shi. "Fam ɗari da ashirin da takwas."

Bai iya boko ba, takardar kuma tana hannuna. Na duba. Bayan durom da akwatuna an rubuta: sauran kaya, fam ɗari da ashirin da takwas.

"Tanko ke nan. Ba a sa lebura a jerin mutane, sikeli yake hawa. Ni na auna shi, har na tsokane shi da rama."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na kai wa maigidana maganar, ya ce tayyib, wato to madalla, amma hatiminsa ba ya hawa kan abin da hukuma ba ta faɗa ba, shaidar mutum ɗaya kuma ba ta isa ba. Khalas, magana ta ƙare.

Sai na rubuta wa tsohuwar wasiƙa da ajami, ba hatimi, na sa sunana ƙarƙashin na Malam Barau. Kafin amsa ta zo Malam Barau ya rasu, mu huɗu muka raka shi. Amsar ta ce an yi sadakar, tsohuwar tana godiya. Ni kaɗai na karanta ta, babu wanda zan kai wa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ban ce takarda na ƙarya ba. Amma abin da aka ga ya isa a rubuta kawai take riƙewa. Tun daga ranar, in an ce mini babu sunan mutum, sai na duba layin kaya.