Allurar Inna a Firjin Cibiya

A unguwarmu a Azare akwai wani gini mai ɗaki biyu da rumfa, mu dai cibiya muke ce masa. 'Yan mata marasa galihu na koyon ɗinki a ciki, tsofaffi kuma na zama a rumfa ana gwada musu hawan jini. Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne wani firji mai aiki da sola. Shi ya sa na ɗauko mahaifiyata daga Bulkachuwa.

Inna na da ciwon suga, irin na allura kullum, kuma allurar ba ta son zafi. Wutar gidanmu kuwa sai ta ga dama take leƙowa. Wata nas da ta yi ritaya, Kirista daga kudancin Bauchi, wadda kowa ke kira Sista, ita ta ware wa tsofaffi kwando guda a firjin don ajiye magungunansu. Sauran wurin na 'yan matan ne, suna sa zobo da kunun aya su sayar. Kullum da safe Inna ta dogara sanda ta je, a yi mata allura, ta zauna tana kushe ɗinkin yaran.

"Wannan hannun riga ne ko ƙafar wando?" in ji ta, su yi ta dariya. Har ƙiba ta yi a shekarar.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo ganin aikin cibiya. A bazara ne, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da rana. Aka yi fenti, aka yi hayar kujeru. Shugaban kwamiti, wani Alhaji da ban taɓa ganin ya zauna a rumfar ba, ya zo da katan-katan na ruwan roba. A ranar kuwa Sista ba ta nan, ta tafi biki garinsu. Ya sa aka kwashe duk abin da ke firjin aka jera ruwa. Kwandon tsofaffi aka ɗora a kan tagar sito, inda rana ke dukansa.

Aka zaunar da Inna a sahun gaba, da sabon mayafinta, don baƙi su ga waɗanda ake taimako. Aka ɗauke ta hoto. Wani mai babbar riga ya miƙa mata ruwa da hannunsa, ta sha, ta sa masa albarka. Ina bayanta ina tafi, ban san komai ba.

Sai washegari da yamma aka tuna da kwandon, aka mayar da shi firji shiru. Inna ta ci gaba da karɓar allurar da ta riga ta mutu. Ƙishirwa ta dawo, jiri ya dawo, wani ɗan ciwo da ke ƙafarta ya ƙi warkewa. Da Sista ta dawo ta ga tsofaffinta duk sun canza, ta matsa wa 'yan matan da tambaya, ɗaya ta fashe da kuka ta faɗa. Ashe an ce musu duk wadda ta yi magana za ta bar keken ɗinki.

A asibiti aka yanke wa Inna yatsun ƙafa. Na je har ƙofar gidan Alhaji, na faɗa masa abin da ya jawo.

"Haba baiwar Allah," ya ce, "baƙin nan fa su ne za su kawo mana firji na biyu. A ba su ruwa mai zafi? Ciwo ai na Allah ne."

Na san na Allah ne, amma ba Allah ne ya ɗora kwandon a taga ba. Har yau ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Firji na biyu bai zo ba. Hoton dai yana nan a bangon cibiya, Inna na murmushi da roba a hannu.

Ba mu taɓa gaya mata ba. Yanzu ba ta iya takawa zuwa rumfar, sai dai Sista ta biyo gida. In zafi ya tsananta, na ba ta ruwan randa, takan kurɓa ta ajiye kofin ta ce, "Kai, 'yar nan, ban taɓa shan ruwa mai sanyi irin na ranar baƙin nan ba. Allah ya saka musu."