Ranar Da Na Zagaya Sakkwato A Bayan Surukina

Akwai wani yini da na yi a Sakkwato wanda ko tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, ba na jin zai taɓa shi. Lokacin ba a yanke mana jihar Kebbi ba, ina koyarwa a firamare a garinmu Gwandu, sai aka mai da ni aiki cikin birnin Sakkwato. Matata 'yar Fulanin wajen Kalgo ce, kuma ranar da aka ba ni ita na yi wa mahaifinta alkawarin ba zan kai ta inda ya fi Gwandu nisa ba sai da yardarsa. Na aika masa, ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya ga garin da idonsa. In ya ƙi, ko in haƙura da aikin, ko in tafi in bar ta da jariri wajen iyayena.

Da hantsi muka sauka tashar Sakkwato ni da shi. Na tsayar da tasi, ya girgiza kai.

"Malam, ni ban sanin gari cikin mota. Mu taka."

Sai muka taka. A nan aka fara samun cikas, domin a wajenmu ba a shiga gaban suruki. Ni na san hanya, shi bai sani ba, amma shi ne a gaba da sandarsa a kafaɗa, ni ina biye ina cewa, "Baffa, dama," "Baffa, sai mu miƙe." Wani lokaci kafin in buɗe baki ya riga ya faɗa wani lungu, ni kuwa ba ni da bakin cewa ya yi kuskure, sai mu bi lungun har ƙarshensa. Duk wanda ya gan mu zai rantse shi ne ɗan gari.

Na fara kai shi Hubbare, inda kabarin wanda ya kafa daular Sakkwato yake. Muka tuɓe takalma, muka yi addu'a, ya daɗe hannunsa a sama. Da muka fito na shiga zuba tarihi, ga shi mutumin Gwandu ba ya rasa ta cewa a wannan fage, tunda gani muke rabin daular tamu ce. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Madalla." Na kai shi ƙofar fada, ya dubi dogarai, ya ce, "Madalla." Muka ratsa tsohuwar kasuwa, muka bi ta wajen majema inda ake shanya jan fatun awaki, muka leƙa marina. Ko'ina amsar ɗaya ce, har na fara jin haushin kalmar.

Ga rana, irin ta bazarar Sakkwato, ga yunwa. Shi ba zai ci a gabana ba, ni ba zan ci a gabansa ba. Muka wuce mai masa, muka wuce mai tsire, kowa ya ɗauke kai. Daga baya na ce zan zaga, na laɓe bayan wata katanga na haɗiye ƙosai da zafinsa. Har yau ina zargin shi ma ya yi wata dabarar, don da na dawo na tarar yana goge gemu.

Bayan azahar ya ce in nuna masa inda zan ajiye "yarinyar nan". 'Yar fari ce, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Na kai shi gidan hayar, ina taƙama da famfo da lantarki. Bai ko kalli famfon ba. Ya nuna ƙofar da ke kallon tawa.

"Wa ka zama nan?"

"Wani ma'aikaci ne, Baffa. Ban san shi ba tukuna."

"Can hwa?"

"Shi ma haka."

Wannan karon ko madallar ban samu ba. Na ce a raina shi ke nan, magana ta lalace.

Muna fita ya ce, "An ce kuna da gulbi." Muka gangara arewa, gidaje suka yi ta raguwa har muka faɗa cikin lambunan albasa. Ruwan ya ja baya, masunta na gyaran koma a kan yashi, yara na wanka, can ƙetare shanu na saukowa. A gindin wata bishiya matan Fulani da suka gama tallar nono suna jiran kwalekwale, ƙorensu a jere.

Nan ya bar ni tsaye. Ya je ya tsuguna gaban wata dattijuwa a cikinsu, suka shiga Fulatanci. Ni abin da na iya bai wuce gaisuwa ba, amma na ji sunayen garuruwa, Malisa ta fito, Diggi ta fito, na ga tsohuwar ta tafa hannu. Ashe iyayenta daga wajenmu suka taso, har ta san dangin mahaifiyarsa. Mutumin da ya yini yana auna mini kalma ɗaya, sai ga shi yana dariya har da buga sanda a ƙasa. Can ya yafito ni.

"Malam, ka nuna min inda manya ka kwance, ka nuna min inda sarki ka zama. Na gode. Amma yarinyar nan ba can za ta zamna ba. Ran da kab ɓata mata rai, kuma sai ka ɓata, ina za ta? Kalgo da nisa." Ya nuna tsohuwar. "Ga uwatta nan. Rugarsu na ƙetare. Ka ɗauke ta ku zo."

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "In taz zo min, kai da kanka za ka zo biko. Kuma ba ka shiga sai na ce."

Na ce to. Kunya da daɗi suka haɗu mini, na rasa inda zan sa idona.

Haka aka yi. Matata ta tare, tsohuwar ta riƙe ta kamar ita ta haife ta, ita ta yi mata wankan jegon yaranmu na baya. Maganar Baffa kuwa ba ta faɗi ƙasa ba. Na shiga wannan kwalekwale da ƙullin goro a aljihu, na kuma zauna a rana bakin ruga har aka ga dama aka ce in shigo.

Baffa da tsohuwar duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da na koya shi ne, uba in ya ce zai je ganin garin da za a kai 'yarsa, ba gine-gine yake nema ba. Da tawa 'yar ta tashi aure Kaduna, angon ya ɗauko mota zai zagaya da ni. Na ce ya bar ta, mu taka, ya fara nuna mini ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ranar da ya ɓata mata rai.