Sawu a Kan Toka

Shekarar da ruwa ya ci mana gari, bayan ya janye daga unguwarmu Gwange, abin da ya rage nake kallo in ji sanyi a raina shi ne ɗan lambun da ke bayan ɗakina. Katifu sun ruɓe, ƙofofi sun kumbura, amma zogale da lemun tsami suka tsaya da ƙafarsu, kabewa ma ta tsiro daga laka ba wanda ya shuka ta.

Sai ƙwan kajina ya fara ɓacewa. Wata safiya kuma maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta rantse ta ga doguwar wutsiya ta shige ƙarƙashin ganyen kabewa. A lokacin ba zancen da ake yi a gari sai na kadojin da aka ce ruwa ya kwaso daga gidan ajiye namun daji, don haka kafin azahar wutsiyar nan ta zama kada mai haɗiye akuya. Autarmu ba ta daɗe da fara tafiya ba, kullum tana cikin lambun. Maigidana bai tsaya jin ba'asi ba, ya ce gobe birkila zai zo a sare komai a zuba siminti. Na yi masifa, wallahi na yi, har na ce a haɗa da ni a daɓe. Ya ce ba zai ba da 'yarsa saboda miyar zogale ba. Abin da ya fi ba ni haushi, gaskiyarsa ce.

Hajja, mahaifiyarsa, tana zaune tana jin mu. A daji ta girma, a bayan shanu, kafin su dawo gari su kama sana'ar dabbobi. Sai da rana ta yi sanyi ta ce in kwaso mata tokar murhu da rariya. Ta bi gefen lambun tana tankaɗewa a kan ƙasa, har ko'ina ya yi fari fes, ta hana kowa takawa.

Da gari ya waye ta kira ni. Ni da nake ganin lambun nan nawa ne ni kaɗai, ashe kasuwa ake ci a cikinsa. Ta durƙusa tana nuna min da tsinke. Wannan kurciya ce, ga yatsunta uku a gaba. Wannan mai tsalle kwaɗo ne. Waɗannan ƙanana, kamar hannun jinjiri, bushiya ce, ta zaga tulu ta koma. Shekaru ina ban ruwa a wurin, ban taɓa sanin bushiya na zuwa gidana ba.

Can kusa da magudanar ruwa muka tarar da babban sawun: dogayen yatsu masu farce, da layin wutsiya a tsakaninsu yana lanƙwasa. Muka bi shi, ya ratsa kabewa, ya ƙare a gindin darbejiya.

"Kada ba ya hawan bishiya," in ji Hajja. "Ɗaga kanki, 'yata."

Yana kwance a kan reshe yana shan hantsi, ya kai tsawon taɓarya. Fatarsa baƙi-baƙi ce, da ɗigon rawaya a jere kamar aikin hula. Maƙogwaronsa na motsi a hankali. Ya zaro harshe mai baki biyu, ya mayar, sannan ya juyo da ido ɗaya ya dube ni, ba tsoro ba gaggawa. Ban san sanda na fara tasbihi ba.

A haka maigidana ya shigo, birkila na biye da shi da gatari. Hajja ta gaya wa ɗanta guza ne, ƙwai da kwaɗi yake bi, mutum kuwa gudunsa yake yi. Ya ɗaga kai, ya daɗe bai sauke ba, ni kuma ina kallon gatarin.

Autarmu ta zo ta kama ƙafar wandonsa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, na ce shi ke nan, ɗaki zai kai ta a fara sara. Sai ya ɗora ta a wuyansa, ya kama ɗan hannunta yana nuna mata reshen.

Birkila ya gaji da tsayuwa, ya tambaya daga ina zai fara.

"Yi magana a hankali, malam," in ji maigidana. "Za ka kore shi."