Injin Ranakun Asabar

A ofis Injiniya ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa riƙe sifana ba. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta. Teburinta na can lungu kusa da na'urar buga takardu, inda kowa ke ajiye kofinsa ya manta.

Kamfaninsu yana yi wa ɗakunan gwajin ruwan sha manhaja ne. Kowane ɗakin gwaji da nasa jadawalin lissafi a kwamfuta, wanda tsofaffin ma'aikata suka yi shekaru suna gyarawa: ka zuba abin da ka auna a wannan gida na jadawalin, gida na gaba ya faɗa maka yawan maganin da za a sa wa ruwa. Ba mai yarda ya rabu da nasa. Dole manhajar ta karɓi jadawalin kowa ta yi lissafin a cikinta. Injin da ke wannan aiki kuwa, wanda shi ma manhaja ce da ke cikin tasu, hayarsa suke yi daga wani babban kamfani, kuma a rufe yake ruf. Ka yi aiki da shi, amma ba ka isa ka leƙa cikinsa ba.

Wata rana wani dattijo mai gwajin ruwa ya bugo waya, ya ce amsar manhajar ta saɓa da tasa ta takarda. Kwana uku Injiniya tana bin sawu, ta gano laifin na injin haya ne. Da a buɗe yake, gyaran ba zai ci awa guda ba. Ta rubuta wa masu shi. Bayan mako biyar suka aiko da godiya, ba gyara. Kafin nan manajanta ya riga ya shaida wa dattijon cewa shi ne ya yi kuskure.

Dattijon ya sake kiran ta. "Ki yi haƙuri 'yata, na wahalar da ke. Tsufa ne."

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Asabar ɗin makon ta ture kwanuka gefe a teburin cin abinci, ta fara rubuta nata injin, wanda za ta sakar wa kowa kyauta: mai so ya dasa a manhajarsa, mai ganin kuskure ya gyara.

Shekara shida ta yi a kai. 'Yarta ta yi rarrafe a ƙarƙashin teburin har ta shiga makaranta. Dangin miji suka ce girman kai ya hana ta zumunci. Mijin kan leƙo da wanki a hannu ya ce, "Maman yara, in ya fara aiki ki sa ya ƙirga mana Asabar nawa ya cinye."

A shekara ta uku kwamfutarta ta gida ta mutu, ta yi wata huɗu tana aikin da ta ofis. Ko a ranta ba ta kawo komai ba.

Da injin ya kammala, murna ta sa ta nuna shi a taron ma'aikata. Manaja ya fi kowa tafi. Mako na zagayowa ya kira ta ofishinsa, ga lauyan kamfani zaune da takardar ɗaukarta aiki, an ja layi a shafi na tara: duk abin da aka rubuta da kayan kamfani, na kamfani ne.

"Yallaɓai, wata huɗu ne cikin shekara shida."

"Ki nuna mana inda wata huɗun suka tsaya, Injiniya," in ji lauyan, yana murmushi.

Suka sa wa injin suna, suka rufe shi, suka fara ba da shi haya. Ita aka ba ta takardar yabo a cikin gilashi. Ba ta cika shekara ba ta ajiye aikin.

Yanzu tana koyar da kwamfuta a wata sakandare, na'ura goma sha biyu ga ɗalibai talatin da shida. Kwanakin baya wata matashiya mai rubuta manhaja ta neme ta har bakin aji. Tana haɗa wa asibitoci manhaja ne, ta ce, kuma ta maƙale a kan jadawali.

"Anti, an ce kin taɓa yin irinsa. Ko ɗan ɓangare ki nuna min."

"Ko layi ɗaya na nuna miki, kotu za mu."

"To wanne zan ɗauka?"

Injiniya ta yagi takarda ta rubuta mata lambar tsohon manajanta. Yarinyar ta yi ta godiya. Ita kuwa ta koma aji, ta ce ɗalibai su zauna uku-uku kar a yi faɗa.