Ruwan Farko na Wanke Rufi Ne

Shekara saba'in da huɗu Barba Dinko, wato Kawu Dinko, ya yi a tsibirinmu, bai taɓa shan ruwan famfo da daɗin rai ba. Shi ke gyara rijiyoyin ruwan sama tun yana saurayi: ya shiga ya kankare, ya liƙe tsaga, ya shafe da farar ƙasa. Mutum ne mai kafiya, kuma abin haushi, yawanci shi ke da gaskiya.

Dokarsa ɗaya ce, ta kakanni. Ruwan farko bayan rani ba ya shiga rijiya. Sai a juya indararo waje ya wanke rufi daga gishiri da kashin tsuntsaye, na biyu ne na sha.

Bara rani ya yi wata bakwai. Rijiyarsa ta koma laka, jirgin da ke kawo ruwa kuwa sai ya ga dama. 'Yarsa Nevenka ta zo daga birnin Split ta same shi yana wanka da kofi biyu.

"Baba, in rijiyar nan ba ta cika kafin Kirsimeti ba, ka biyo ni. Ka yarda?"

Ya yarda, don bai taɓa ganin shekarar da ba ta cika ba.

A Oktoba hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Maƙwabciyarsa Mandica, tsohuwa mai bakin tsiya, ta leƙo ta katanga.

"Dinko, juya shi ciki mana! Wannan zamanin wa ke zaɓe?"

"Ke ki sha kashin tsuntsu, dama ya dace da bakinki."

"To sarkin tsabta, Allah ya ba da sa'a."

Yana tsaye ruwan ya bi lungu ya gangara teku. Da aka ɗauke ya juya indararo ciki, ya zauna jira. Nuwamba ta wuce, Disamba ta bi ta, ko ɗigo babu. Mandica, da ta tari ruwan farko, ta riƙa miƙo masa bokitin ruwa ba gori, abin nan ya fi zagi ciwo. Ranar da ya hau jirgi duk mun yi kuka, har ita.

A Maris aka kwana uku ana ruwa. Nevenka ta tarar da shi a tagar gidanta a Split, bene na huɗu, ya kafe teku da ido.

"Baba, lafiya?"

"Rijiyar tana cika yanzu," ya ce. "Wa zai sha?"