Mang Teryo da Igiyar Ning

Kafin rana ta ɗago, Mang Teryo ya riga ya iso bakin tafkin Taal da baƙin kofinsa a tsohuwar kwalba. Ba ya doguwar gaisuwa. Sai ya bi layin ƙananan jiragen gidan koyar da tuƙi na Talisay, masu kwale-kwale biyu haɗe da tamfal mai kama iska, yana shafa igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Inda igiya ta fara cinyewa, nan yatsansa zai tsaya. Haka yake yi tun gashinsa yana baƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin ganinsa ya ragu, 'yarsa kuma ta ce ya koma wurinta a Lipa.

Ayyukansa suna da yawa, amma wanda aka fi maimaitawa a rumfar Aling Pacing mai sayar da kofi shi ne na Ning.

Ning ce ke koya wa baƙi tuƙi. Bara ta faɗi a babur. Hannunta na dama ya warke, sai dai yatsu biyu suka ƙi lanƙwasawa. A irin wannan jirgi igiya guda ce ke riƙe babban tamfal. Tana bi ta gargaren sama da na ƙasa, ta ratsa wasu 'yan haƙora biyu da ke cije ta, sannan ta zo hannun matuƙi. Iska ta yi ƙarfi a saki, ta lafa a ja. Wanda ya kasa wannan ba a ba shi ɗalibi. Maigidan wurin ya ce ranar Asabar Ning ta fita ita kaɗai yana kallo, in ta gaza a nemi wani.

Ana cikin haka Mang Teryo ya tare ta a bakin ruwa.

"Ning, miƙo hannun nan."

"Duba za ka yi mini, Tay? In ka hango miji, ka ce ya taho da mota." Tay ɗin nan, wato Baba, haka take kiransa don girmamawa.

Ya juya hannun. Ga shatin igiya jawur ya zagaye wuyan hannunta.

"Naɗa ta kike yi a nan."

"Kaɗan dai."

"Kaɗan? Ran da jirgi ya kife, a ɗaure za a same ki kamar akuya a turke."

"To ka kai ƙarata wajen maigida mana, ka huta."

"Ni mai gyara ne ko ɗan rahoto? Hau ki zauna."

Shi dama ba ya ɗaura wa jirgi kaya sai mai tuƙa shi na zaune a kai. Nan bisa yashi ya kwance tsoffin gargaren, ya sa masu ƙarin taya sama da ƙasa domin jan ya yi sauƙi. Ya sauya igiyar da mai kauri, wadda yatsu uku za su iya kamawa. Bai ɓoye mata komai ba. Ya ce igiyar za ta fi tsohuwar tsawo, sakinta ma zai ɗan yi nawa, saboda haka dole ta riƙa sakin da wuri.

Daga nan shi ya zama iska. Aling Pacing ta ce ta ga tsohon ya sa kafaɗa a sandar tamfal, ya yi shiru kamar mai gyangyaɗi, can sai ya kwatsa "Iska!" ya banko sandar da ƙarfinsa. In igiyar ta ƙi fita daga haƙoran, ya sauko ya ɗan karkata su, ya koma. Suka wuni a haka, shinkafarsa da busasshen kifi suka huce a kwano. Bai bari ba sai da Ning ta iya fizge igiyar da girgiza hannu sau ɗaya, ba tare da ta naɗa ba.

Ranar Asabar da la'asar iska ta gangaro daga tsauni kamar yadda ta saba. A tsakiyar tafki kwale-kwale ɗaya ya ɗaga sama, har ana ganin cikinsa daga gaɓa. Aling Pacing ta dafe kai. Sai tamfal ya buɗe, jirgin ya sauko ya zauna a ruwa, ya ci gaba da tafiyarsa.

Da ta dawo, abin da maigida ya ce kawai shi ne gobe tana da ɗalibai. Ita kuwa ta ɗago tulin igiya jiƙe sharkaf.

"Tay, wannan ai igiyar shanya ce! Ta cika tsawo."

"Bakinki ma ya cika tsawo, wa ya rage shi?"

Kai ne ka ga shatin da duk muka gani muka kau da kai, Mang Teryo. Kai ne ka ƙi tona ta, ka kuma ƙi barin ta ta koma ruwa a ɗaure. Mai kafaɗar iska, ba ka taɓa hawa jirgi a gasa ba, sunanka ba ya jikin kowane kofin yabo da ke jere a ofis. Mun gode.

Ku da za ku gaji aikinsa, kafin ku taɓa jirgi ku fara duba hannun mai tuƙa shi.

Jiya aka yi masa walimar bankwana. Kowa ya zo ban da Ning. Tana can tsakiyar tafki da ɗalibanta, sai hannu ta ɗago daga nesa.